Matatar Soraz: sayen inji daban, riƙon inji daban

Tun daga 2011, galibin esansi da gazuwal da Sonidep ke rarrabawa a ƙasar Nijar daga matatar Soraz suke fitowa, wadda ke cikin komin ta Ollelewa, yankin Tanut, gabas da Dakoro. Da wannan mai ne manyan motoci ke kai wake da shanu Maraɗi, da shi injinan niƙa da na foraj ke juyawa. Saboda haka yadda aka sayi wannan matata, da yadda ake saya mata kayan aiki, magana ce da ta shafi aljihun kowane ɗan kasuwa.

Ciniki tun ran farko

A watan Yuni na 2008 gwamnatin Tanja Mamadu ta sa hannu kan yarjejeniya da kamfanin CNPC na ƙasar Sin: haƙar mai a Agadem, shimfiɗa bututu mai tsawon kilomita 462, da gina matata mai tace ganga 20.000 a rana. CNPC ya riƙe kashi 60 cikin 100 na matatar, Nijar ta riƙe 40. Shugaba Mahamadu Isufu ya ƙaddamar da ita ran 28 ga Nuwamba 2011.

Amma bikin bai rufe gardama ba. Da farko dalar Amurka miliyan 600 aka ambata. Da aka gama gini, lissafi ya kai miliyan 980. Gwamnati ta nemi a binciki takardun. Tushen matsalar a fili yake: wanda ya samo kuɗi shi ya gina, shi ne kuma ke tafiyar da aikin. Inda mai saye da mai sayarwa suka fito gida ɗaya, wuya ne a san ainihin farashin kaya. Kuma bashin da aka ci don gini ba ya ɓacewa: cikin kuɗin kowace lita ake biyan shi.

Kandaji ta nuna wata fuskar. Kamfanin Rasha da aka ba kwangilar madatsar ruwan a 2010 ya kasa cika alkawari, aka soke ta a 2013, sai a Maris na 2019 kamfanin Gezhouba na Sin ya sake kama aiki. Kafin a ba ɗan kwangila aiki, ƙarfinsa ake aunawa, ba tayinsa kaɗai ba.

Bayan an yanke ƙyalle

Gini shekara uku ne, amma aikin masana'anta na shekaru da dama ne, kuma kullum sai an saya mata wani abu: kayan gyara, sinadarai, aikin ƙwararru. A watan Agusta na 2015 wani injin matsa iska ya lalace a Soraz, matata ta tsaya makonni. A lokacin rijiyoyin Agadem ba su da wani mai saye sai ita, domin bututun da ke kai mai gaɓar tekun Benin sai a 2024 ya soma aiki. Inji guda ya tsayar da dukiya mai ɗimbin yawa.

Mai injin niƙa a Dakoro ya san wannan karatu. Idan bel ya tsinke ranar kasuwa, kuma babu wani sai a Maraɗi ko Kano, hasarar ranar ta fi kuɗin bel nesa. Bambancin kawai shi ne, babban inji na matata ba a samun kayansa a shago: sai an aika wa maƙerinsa, a ɗauko ta teku, a bi dogon hanya ta ƙasa, a wuce duwan. Shi ya sa ake rubuta wa tun cikin kwangilar gini waɗanne kayan gyara za a ajiye a sito, nawa maƙeri zai riƙa sayar da su, da ƴan ƙasa nawa za a koya wa gyara. Wanda bai yi wannan ciniki ba tun yana da zaɓi, daga baya farashin da aka faɗa masa shi zai biya.

Ranar rufewa ma da kuɗinta

Ran 31 ga Maris 2021 Cominak ta daina haƙar uraniyum a Akokan, aka shiga aikin rushe gine-gine da binne dattin ma'adini, wanda shi ma sai da kwangiloli da kuɗi masu yawa.

Ma'aikacin da ke zama a kwamitin ba da kwangila, ko ta foraj ce a karkarar Dakoro, tambayoyi huɗu ke gabansa: nawa za a saya, nawa za a kashe kowace shekara, wa zai gyara, kuma wa zai biya ranar da inji ya mutu. Bahaushe ya ce araha ba ta ado. A harkar inji, sau da yawa ita ce mafi tsada.