Billy Sherrill, Gwanin da Ba a Gani a Dandali

Masu jin waƙoƙin kantiri na Amurka, irin na su Jim Reeves da Don Williams da gidajen rediyonmu suka daɗe suna sakawa, mawaƙi kaɗai suka sani. Alhali waƙar da ta fito a faifai ba aikin mutum ɗaya ba ce, kuma sau da yawa furodusa ne ke yanke hukuncin da zai raya ta ko ya kashe ta. Rayuwar Billy Sherrill ta isa hujja. An haife shi a 1936 a Phil Campbell, ƙaramin gari a jihar Alabama. Mahaifinsa mai wa'azin Kirista ne, a wajen wa'azin nasa kuma yaron ya goge da kaɗa fiyano. Ya koma Nashville, cibiyar wannan kiɗa, a 1962, ba da jimawa ba kamfanin Epic ya ɗauke shi aiki.

A 1966 wata mai gyaran gashi, uwar 'ya'ya uku, mai suna Virginia Wynette Pugh, ta shigo ofishinsa bayan wasu kamfanoni sun juya mata baya. Sherrill ya saurare ta, ya ɗauke ta, shi ne ma ya raɗa mata sunan Tammy Wynette. Tare suka rubuta "Stand by Your Man" a 1968, waƙar da ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya a 1975. Amma inda gwanintarsa ta fi bayyana shi ne aikinsa da George Jones. Lokacin nan shaye-shaye ya kusa gamawa da Jones, ga bashi ya yi masa katutu. Sherrill ya kawo masa "He Stopped Loving Her Today", wadda Bobby Braddock da Curly Putman suka rubuta, labarin mutumin da bai daina son matar da ta bar shi ba sai ranar da ya mutu. Jones ya ƙi ta, yana ganin baƙin cikinta ya yi yawa, ba mai saye. Sherrill ya nace. Ya sa marubutan suka sake gyara baitoci, ya riƙa ɗaukar muryar Jones guntu-guntu har fiye da shekara guda, sannan ya haɗa. Da ta fito a 1980 ta zama ta ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri, ta ciyo wa Jones kyautar Grammy, ta dawo masa da martabarsa.

Masu suka suna cewa Sherrill ya gurɓata kiɗan talakawan karkara, ya lulluɓe shi da tarin goge da 'yan amshi don ya shiga kunnen mutanen birni. Irin wannan iko na furodusoshin Nashville ne ya sa Willie Nelson da Waylon Jennings suka yi bore a shekarun 1970, suka ce a bar mawaƙi ya tsara faifansa. Akwai gaskiya a ƙorafin, domin wasu faya-fayan Sherrill kwalliyarsu ta wuce kima. Sai dai duk wanda ya kasa kunne ga waƙar Jones zai ji cewa murya ce ke fara shigowa kusan ita kaɗai, gogen ba ya tasowa sai labarin ya yi nauyi. Wannan ai hidima ce ga murya, ba danne ta ba. Kuma shi dai wannan mutumin ne ya tsara wa Johnny Paycheck "Take This Job and Shove It" a 1977, waƙar leburan da ya gaji da wulaƙancin ubangida, wadda ba ta da wani ado ko kaɗan. Ashe ba salo ɗaya yake ɗora wa kowa ba. Abin da waƙa ke nema yake ba ta.

An shigar da shi zauren girmama gwanayen kiɗan kantiri a 2010, ya rasu a Nashville a 2015. Waɗannan faya-fayai nasa ne kamar yadda suke na waɗanda suka rera su.