Daga ina kalmar “boss” ta fito?

Kalmar Turancin nan “boss”, wadda ma'aikaci ke kiran ogansa da ita, ba haifaffiyar Ingila ba ce. Tushenta harshen mutanen Holan ne, inda “baas” ke nufin maigida. Su suka kafa garin New Amsterdam, wanda Ingila ta ƙwace a 1664 ta raɗa masa New York, kuma daga bakinsu Amurkawa suka ari kalmar.

Ta samu karɓuwa sosai a ƙarni na 19, domin ma'aikata 'yantattu sun ƙyamaci kiran mai ba su aiki “master”, yadda bayi ke kiran iyayengijinsu.

Daga nan ma'anarta ta yi rassa. A siyasar Amurka tana nufin ubangidan da ke juya jam'iyya, irin su William Tweed na New York, wanda aka ɗaure saboda wawure dukiyar birnin, ya mutu a kurkuku a 1878. A wasannin kwamfuta kuwa, ƙasurgumin abokin gaba ne da ake karawa da shi a ƙarshen mataki.

Masu kallon fim a ƙasar Hausa kuma “bos” suke kiran mugun da jarumi ke fafatawa da shi.