Charles Swift: Hafsan sojan ruwan da ya kai gwamnatinsa kotu saboda direban Bin Laden

Kwanakin baya wani ɗalibina ya tsare ni da tambaya a aji: "Malam, me ya sa lauya zai tsaya wa mutumin da kowa ya tsana?" Amsar da na ba shi ba ta gamsar da ni ba, balle shi. Da na koma gida sai Charles Swift ya faɗo mini a rai.

Swift Ba'amurke ne. Ya kammala makarantar hafsoshin sojan ruwa ta Annapolis a 1984, ya yi shekaru yana aiki a jiragen yaƙi. Daga baya ya tafi birnin Seattle ya karanta shari'a, ya gama a 1994, sannan ya dawo rundunar a matsayin lauya mai kaki.

A 2003 aka tura shi sashen kare fursunonin Guantanamo. Wanda aka damƙa masa shi ne Salim Hamdan, ɗan ƙasar Yaman, direban Osama bin Laden, wanda aka kama a Afganistan a watan Nuwamban 2001. To, a nan fa gizo ke saƙar. Takardar da aka ba Swift ta nuna cewa zai riƙa ganin Hamdan ne domin a sasanta ya amsa laifi. Wato an nemi lauya ya rako mutum ya sa hannu, shi ke nan.

Swift ya ƙi. Ya haɗa kai da Neal Katyal, malamin shari'a a jami'ar Georgetown, suka shigar da ƙara suna cewa kotunan sojan da Shugaba George W. Bush ya kafa ba sa bisa doka. Ku duba fa: hafsa ne mai muƙamin laftanar kwamanda, yana cin albashin rundunar, amma sunan da ke kan takardar ƙarar na sakataren tsaro ne, Donald Rumsfeld, wato maigidansa. Ni da nake jin nauyin musa wa hedimasta a taron malamai, abin ya tsaya mini a rai.

Ranar 29 ga Yunin 2006 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci, alƙalai biyar a kan uku, cewa waɗannan kotuna sun saɓa wa dokar soja ta ƙasar da kuma yarjejeniyar Geneva. Kimanin mako biyu bayan nan Swift ya samu labarin ba a yi masa ƙarin girma ba. A ƙa'idar rundunar, wanda aka tsallake sau biyu dole ya ajiye kaki. A 2007 ya yi ritaya. Ni dai a ganina lokacin ya yi kusa da yawa a ce katari ne kawai.

Bai saki Hamdan ba. Majalisa ta yi sabuwar doka, aka sake kafa kotunan, shi kuma ya koma Guantanamo a 2008 a matsayin lauya farar hula. Masu gabatar da ƙara sun nemi aƙalla shekara 30. Hafsoshi shida da suka saurari shari'ar suka wanke Hamdan daga laifin haɗa baki, suka same shi da laifin taimaka wa ta'addanci, suka yanke masa wata 66, aka cire 61 da ya riga ya yi. Kafin shekarar ta ƙare an mayar da shi Yaman, a 2012 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin ma gaba ɗaya.

Daga baya Swift ya jagoranci wata cibiyar lauyoyi a jihar Texas mai kare Musulman Amurka a kotu. Yana cikin waɗanda suka kare Noor Salman, matar mutumin da ya kashe mutum 49 a wani gidan rawa a Orlando a 2016. An zarge ta da taimaka wa mijinta, kuma a watan Maris na 2018 kotu ta wanke ta.

Washegari na kai wa ɗalibin nan labarin. Ya yi shiru, can sai ya ce: "To Malam, an mayar masa da kakin nasa?" Na ce a'a.