Ba kowane zafin ƙirji ne olsa ba: 'yar ƙofar da ke bakin tumbi

A mararrabar Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu da babban titin da ya taso daga Yamai zuwa Maraɗi, dare ba ya hana ciniki. Direbobi da yaran mota masu jiran lodin albasa kan zauna wurin mai nama, a yanka musu tsire da ɗanyar albasa da yaji, su kora da shayi mai kauri, wani ya kunna sigari, sannan a shimfiɗa tabarma a gindin mota a kwanta. Kafin asuba sai wani ya farka da wuta a ƙirji, ruwa mai tsami ya taso masa har maƙogwaro. Da gari ya waye, sunan ciwon ɗaya ne a bakin kowa: olsa.

Wannan sunan ne kuma ke isa kunnen 'yan ci-rani na jihar Tawa da ke Abijan ko Legas ko Libiya idan aka kira su daga gida. Olsar Baba ta tashi, a turo kuɗin magani. A tura, a sayo ƙwayoyi, bayan wata biyu a sake kira. Sau da yawa tumbin da ake ta yi wa magani lafiyarsa ƙalau. Matsalar tana sama da shi kaɗan, a wata 'yar ƙofa da yawancin mutane ba su san suna da ita ba.

Daga maƙogwaro zuwa tumbi akwai bututun abinci, wanda tsawonsa a jikin baligi ya kai kimanin santimita 25. Loma ba faɗawa take yi a cikinsa kamar dutse a rijiya ba. Tsokokin bututun ne ke matsa ta daki-daki daga sama zuwa ƙasa, kamar mai tatsar nono, cikin daƙiƙa 8 zuwa 10. A ƙarshensa akwai zoben tsoka mai tsawon santimita 3 zuwa 4, wanda a kullum yake tsuke kamar bakin jaka mai zariya. Da an haɗiyi abu sai jijiyoyi su ba shi umarni ya saki, lomar ta wuce, ya sake tsukewa. Dalilin tsukewar shi ne ruwan tsamin da tumbi ke narkar da abinci da shi. Tumbi na da rigar da ke kare shi daga wannan ruwa, bututun abinci ba shi da irinta.

Ƙofar na iya lalacewa ta hanya biyu masu saɓa wa juna, kuma a nan ruɗanin yake.

Idan ta saki

Wannan ita ce wadda ta fi yawa nesa ba kusa ba, ita ce ƙwannafin da kowa ya sani. Zoben kan saki a lokacin da ba a haɗiyi komai ba, sai tsami ya hau sama. Cika ciki fam na jawo hakan, haka abinci mai maiƙo, taba, na'ana'a, da ƙiba mai danne ciki. Masu juna biyu na fama da shi saboda sinadaran jikinsu na sassauta tsokar, ga kuma nauyin ɗa. Wasu kuma saman tumbinsu ne ke zamewa ya shige ƙirji ta ramin tantanin da ya raba ƙirji da ciki.

Akwai abin da ba zai yi wa mutanen Galmi da Tsarnawa daɗin ji ba: ɗanyar albasa na cikin abubuwan da likitoci suka daɗe da sanin suna tayar da ƙwannafi ga mai ɗauke da shi. Ba laifin albasa ba ne, domin mai lafiyayyar ƙofa zai ci abinsa ya kwana lafiya. Amma wanda tasa ta yi sako-sako, ya ci tsire da albasa ƙarfe goma sha ɗaya na dare ya miƙe a tabarma, ya haɗa wa kansa komai a zama guda. Haka lamarin yake da azumi, idan aka cika ciki da sahur aka koma barci bayan sallah.

Sauƙin wannan nau'in shi ne yana jin magani. Barin sa'o'i uku tsakanin cin abinci da kwanciya, ɗaga gefen kai na gado da bulo ko katako, kwanciya ta ɓangaren hagu, da rage ƙiba da taba, duk suna taimakawa. Omeprazole da danginsa na rage tsamin sosai, ko da yake ba sa gyara zoben kansa. Jiƙon kanwa da ake sha a gidaje kan kwantar da zafin na ɗan lokaci, sai dai gishirin da ke cikinta ba abokin mai hawan jini ko ciwon ƙoda ba ne. Mafi muni shi ne a ji zafin ƙirji a sayi diclofenac ko ibuprofen a tebur, domin su ne ma ke iya haƙa gyambon cikin da ake tsoro.

Idan ta ƙi buɗewa

Ɗayar matsalar ba ta da yawa, kimanin mutum 1 cikin 100,000 take kamawa a shekara, amma wanda ta kama yakan yi shekaru ana ba shi maganin da ba nasa ba. Likitoci na kiranta akalasiya, kalmar Girkanci mai nufin ƙin saki. Jijiyoyin da ke gaya wa zoben ya buɗe ne ke mutuwa sannu a hankali, tatsar da bututun ke yi ma ta tsaya. Abinci sai ya taru a bakin ƙofa, bututun ya riƙa faɗi kamar salka.

Mai wannan ciwo yana da alamun da 'yan gidansa za su gane idan sun lura. Tuwo na tsaya masa a ƙirji, fura ma haka, har ruwa. Shi ne na ƙarshen tashi daga kan akushi. Yakan miƙe tsaye ya banƙare, ko ya yi ta kora loma da ruwa kofi-kofi. Da dare abincin da ya ci ya dawo masa kamar tumbuɗin jariri, ba tsami, ba yunƙurin amai, har ya jiƙa matashin kai ko ya ƙware ya yi ta tari. Yana rama alhali yana jin yunwa. A ƙauye, mutumin da ke ƙin cin abinci cikin jama'a yana kuma bushewa ba ya rasa masu yi masa fassara, daga sammu sai a ce an ba shi wani abu ya ci. Kuma da yake shi ma yana jin zafin ƙirji, omeprazole ake miƙa masa, maganin da ke rage tsami ga mutumin da tsami ba shi ne damuwarsa ba.

Ciwon tsoho ne. A 1674 wani likitan Ingila, Thomas Willis, ya ba da labarin majinyacin da ya yi wa sanda da ƙashin kifin teku, da soso a bakinta, yana tura abinci da ita zuwa tumbi bayan ya ci. A 1913 Ernst Heller, likitan fiɗa a Jamus, ya tsaga tsokar zoben don ƙofar ta saki, kuma har yau ana yin wannan aiki da sunansa. A 2008 Haruhiro Inoue na Japan ya fara yin tsagar ta cikin baki, ba tare da an yanka ciki ba. Ana kuma buɗa ƙofar da balan-balan da ake hurawa a wurin. Babu ɗaya da ke dawo da jijiyoyin da suka mutu, amma yawancin waɗanda aka yi wa suna komawa cin tuwo.

Akwai kuma masu ƙofa lafiya amma bututunsu na murɗawa ba tsari, ko ya matse da ƙarfin da ya wuce kima, zafin ya yi kama da na ciwon zuciya. Wannan kamannin dalili ne na a fara duba zuciya ga duk mai zafin ƙirji da ke tasowa idan ya yi aiki ko tafiya. Matasa su san wani abu guda: magungunan kashe zafi masu bugarwa, dangin tramol, na iya hana ƙofar saki yadda ya kamata ga mai yawan shansu, har gwaji ya nuna kamar akalasiya ce.

Rarrabe waɗannan cututtuka ba aikin ido ba ne. Gwaji mafi sauƙi shi ne a ba mutum wani farin ruwa mai kauri ya sha ana ɗaukar hoton ƙirjinsa. Idan akalasiya ce, ƙarshen bututun kan fito a tsuke kamar bakin tsuntsu. Sai kuma zura siririyar na'ura mai kyamara ta baki, wadda ke nuna gyambo ko ƙari ko tabo. Gwajin da ke tabbatar da ciwon, wato awon matsin tsokoki, bai cika samuwa ba ko a manyan biranen Afirka ta Yamma. Mutumin Tsarnawa zai fara ne daga asibitin gundumar Ƙonni, ko asibitin Galmi da ke aiki tun 1950, daga nan a tura shi gaba idan da buƙata, zuwa manyan asibitocin Yamai ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, can ƙetaren iyaka.

Abin da ba ya jira shi ne wahalar haɗiya da ta fara da nama ko tuwo, cikin 'yan watanni ta kai ga kunu, musamman ga wanda ya haura shekara 50 yana kuma rama. Sankarar bututun abinci haka take farawa. Aman jini ko baƙin bayan gida ma na gaggawa ne. Yaron da ya taɓa shan ruwan sodar da ake haɗa sabulu da ita, idan ya fara kasa haɗiya bayan 'yan makonni, tabo ne ke tsuke masa hanya.

Don haka ɗan ci-ranin da aka kira kan olsar Baba yana da tambayoyin da zai yi kafin ya nufi wurin tura kuɗi. Zafi kawai yake ji, ko abinci na tsaya masa? Ruwa na wucewa? Abin da ke dawowa mai tsami ne, ko tuwon jiya ne yadda ya haɗiye shi? Rigunansa sun yi masa yawa? Tun yaushe yake shan ƙwayar nan ba sauƙi? Idan amsar ita ce abinci na tsayawa, ko ya sha maganin wata biyu ba canji, kuɗin wannan karon na mota ne zuwa Ƙonni ko Galmi, tare da wanda zai raka shi ya faɗa wa likita cewa loma ce ba ta wucewa.