AMSAR WASIƘUNKU: Yaya Ake Gina Duwatsu Da Gonaki Na Ƙaramin Jirgin Ƙasa?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga Funtuwa, ya rubuto mana cewa an nuna masa wani hoton bidiyo a wayar salula. Ga jirgin ƙasa yana ratsa duwatsu da gonaki, yana haye gada, sai kawai hannun mutum ya shigo ya ɗauke tarago ɗaya kamar mai ɗaukar ƙosai. Nan fa gardama ta kaure a rumfarsu, wasu na cewa haɗin kwamfuta ne, wasu na cewa siddabaru ne. Yana so mu warware masa, mu kuma gaya masa yadda ake yin abin, da ko yana da wani amfani, domin yana da yaro wanda ba shi da aiki sai ƙera motar kara.

AMSA: To Malam, madalla da wannan tambaya. Abin da ka gani gaskiya ne, kuma da hannu aka gina shi. A ƙasashe irin su Jamus da Ingila da Amurka da Japan akwai mutane masu yawan gaske, galibinsu ma magidanta da dattawa, waɗanda abin sha'awarsu shi ne su shimfiɗa ƙaramar hanyar dogo a kan tebur, su sa mata jirgi mai tafiya da lantarki, sa'annan su kewaye ta da duwatsu da itatuwa da gidaje har ido ya kasa bambance ta da ta gaske. Jirgin da dogon saye ake yi. Wani kamfanin Jamus mai suna Märklin tun shekarar 1891 ya fito da ƙaramin jirgi mai hanyar da ake harhaɗawa. Amma ƙasar da jirgin ke ratsawa, wannan aikin mai ita ne, kuma a nan gwaninta take.

Abu na farko da kowane magini ke tsayarwa shi ne ma'auni, wato sau nawa za a rage girman komai. Ma'aunin da aka fi amfani da shi a duniya ana ce masa HO, inda ake raba tsawon kowane abu gida 87 a ɗauki ɗaya. Faɗin hanyar dogo irin wadda aka buɗe tsakanin Abuja da Kaduna a shekarar 2016 milimita 1,435 ne. In ka raba 87 sai ka sami milimita 16 da rabi, kuma daidai faɗin ƙaramin dogon ke nan. Mutum mai tsawon mita 1 da santimita 74 zai koma santimita 2, wato bai kai gaɓar yatsa ba. Rumbu mai tsawon mita 3 zai koma santimita 3 da rabi. Itaciya mai mita 20 za ta koma santimita 23, kamar taƙi guda. Akwai ma'aunan da suka fi wannan ƙanƙanta, kamar na kashi 160 da na kashi 220, don masu ƙarancin wuri.

Kai da kake ɗan kasuwa ka san in aka auna rabin buhu da wani mudu, rabi da wani, lissafi ya ɓaci. Haka abin yake a nan. In ƙofar gida ta fi kan jirgi tsawo, ko akuya ta kai girman saniya, ido zai gane nan take ko da mai kallon bai san abin da ya dame shi ba. Hatta yashi sai an kula da shi, domin ƙwayar yashi mai milimita ɗaya a wannan ma'auni ta zama dutse mai girman dunƙulen hannu. Gudun jirgin ma haka: jirgin da ake so a nuna yana gudun kilomita 87 a awa, a kan tebur santimita 28 kacal zai riƙa ci a daƙiƙa guda.

Nisa ne kaɗai ba ya yarda a bi shi sau da ƙafa. Kilomita ɗaya a wannan ma'auni tana bukatar mita 11 da rabi, abin da ya fi tsawon ɗaki. Saboda haka sai a yi dabara. A rage yawan gidajen gari, a lanƙwasa hanya ta ɓuya a bayan tudu ko ta shige ramin da aka huda cikin dutse, don mai kallo ya ɗauka jirgin ya yi nisa. Gidajen da ke can baya kuma a yi su ƙanana fiye da na gaba. A jikin bango sai a zana sararin sama, shuɗi sosai daga bisa, yana kodewa zuwa fari-fari a inda ya haɗu da ƙasa, yadda kake ganin tsaunin da ke nesa yana yin toka-toka.

Yanzu ga yadda ake ginin kansa, daki-daki. Da farko a kafa tebur mai ƙarfi na katako, a shimfiɗa dogon, a gwada jirgi a tabbatar yana tafiya lafiya, domin gyara bayan an rufe da dutse aiki ne ja. Daga nan sai ƙashin tudu. Wasu na amfani da ragar waya irin ta kejin kaji, wasu su yanka kwali siri-siri su saƙa kamar zana, wasu kuma su jera farin abin nan marar nauyi da ake tallafe rediyo da shi a cikin kwali, su sassaƙa da wuƙa. A kan wannan ƙashi ake shimfiɗa tsumma ko takarda da aka tsoma cikin ruwan filasta, irin wadda ake ɗaure karaya da ita a asibiti. In ta bushe sai ta yi tauri kamar ƙoƙo, ciki kuwa fayau, babu nauyi.

Duwatsu kuma ana samun siffarsu ne daga dutsen gaske. A shafa ruwan roba a jikin wani dutse mai tsage-tsage, in ya bushe a ɓare, ya zama zubi. A zuba filasta a ciki, in ta fara kamawa a manna a jikin tudun. Wajen fenti, ba a yaɓa shi da kauri. A tsinka baƙi ko ruwan ƙasa da ruwa sosai a kwarara, ya gangara ya zauna a cikin tsagogi. Bayan ya bushe a ɗauki buroshi da ɗan fenti mai haske, a goge shi a tsumma har ya kusa ƙarewa, sa'annan a shafa sama-sama. Inuwa a ciki, haske a bisa, shi ke nan dutse ya fito.

Ƙasa kuwa, babu abin da ya kai ta gaske kama da ƙasa. Maginan kan ɗebo ta, su gasa ta don kashe ƙwari, su tankaɗe da rariya mai ƙananan ido. Sai su bi ta da maganaɗisu, domin ƙasa takan ƙunshi ɓurɓushin ƙarfe, shi kuwa injin ƙaramin jirgin yana da maganaɗisu a cikinsa, zai zuƙe ɓurɓushin ya lalace. Ana liƙa ƙasar da tsakuwar gefen dogo da farin gam na kafinta wanda aka tsinka da ruwa, kashi ɗaya da kashi ɗaya, tare da ɗigon ruwan sabulu. Kowane manomi ya san yadda yayyafin farko ke dunƙulewa a kan busasshiyar ƙura ya ƙi shiga. Sabulun ne ke hana wannan, sai gam ya ratsa ba tare da ya ture ƙasar ba.

Ciyawa a da da dusar katako ake yinta, a rina ta kore. Daga baya aka samo wasu ƙananan zaruruwa masu tsawon milimita 2 zuwa 6, ana barbaɗa su a kan gam da wata na'ura mai sa su miƙe tsaye. Ƙarfin da ke miƙar da su shi ne wanda yara ke wasa da shi in sun goga biro a gashin kai ya ɗauki guntayen takarda. Zare mai milimita 6 ya zama ciyawa mai kai wa gwiwa. Gwanaye ba sa amfani da launi ɗaya, sukan gauraya kore da ruwan ɗorawa da ruwan ƙasa, su bar wani wurin fako, domin babu dajin da Allah Ya yi wanda launinsa ɗaya ne kamar darduma. Itatuwa kuma da waya ake murɗa su, ko a samo busassun saiwoyi a juya su sama su zama rassa, a barbaɗa musu niƙaƙƙen soso a matsayin ganye.

Ruwa fa? Yawancin magina ba sa zuba na gaske, domin yana jiƙa katako, yana sa tsatsa, ga shi ba ya jituwa da lantarki. Sai su fente gindin kogi, tsakiya duhu, gefe haske, don ya nuna zurfi, su kwarara wani ruwan roba garai-garai, ko su yi ta shafa man ƙyalli na kafintoci shafi bayan shafi. Aiki na ƙarshe shi ne tsufar da kaya. Sabon abu fil ba ya kama da na gaske, don haka sai a sa wa kwanon rufi tsatsa, a sa wa tarago ƙura da garin alli, a baƙanta bakin rami kamar hayaƙi ya daɗe yana bugunsa. Wani Ba'amurke mai suna John Allen ya yi suna ƙwarai a wannan fanni. Ya rasu a shekarar 1973, kwana goma bayan rasuwarsa kuma gobara ta cinye aikin da ya yi shekaru kusan ashirin yana ginawa, sai hotuna suka rage.

Mafi girman irin wannan gini a duniya yana birnin Hamburg na ƙasar Jamus, ana ce masa Miniatur Wunderland. Wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, tare da abokinsu suka buɗe shi a shekarar 2001. Tsawon ƙaramin dogon da ke ciki ya haura kilomita 16. An gina sassan Jamus da Amurka da Italiya, aka ƙara filin jirgin sama a 2011, da birnin Rio de Janeiro na Barazil a 2021. Kowane minti 15 fitilu kan dushe, dare ya yi, tagogin gidaje su kama da haske, sa'annan gari ya sake wayewa. Ko su ma sai da suka rage: tsaunin Matterhorn na Suwizalan, mai mita 4,478 daga gaɓar teku, da an bi ma'auni sosai zai haura mita 51, amma nasu bai wuce kamar mita 6 ba. Mutane fiye da miliyan ɗaya kan biya kuɗi su shiga kallo a shekara, ɗaruruwan ma'aikata kuma a nan suke cin abinci.

Ka ga amfani na farko ke nan, sana'a ce. Masu zanen gine-gine ma sukan sa a ƙera musu ƙaramin samfurin kasuwa ko unguwa kafin a aza tubali, kuma hannu irin wannan suke nema. Amfani na biyu ya fi wannan zurfi. Wani mutumin Ostareliya mai suna Roye England ya je Ingila a shekarar 1925, ya tarar ana rushe tsofaffin gidajen ƙauye masu rufin ciyawa ko ana sake musu kama. Sai ya shiga bin su yana aunawa, yana ɗaukar hoto, yana ƙera su da kwali ɗaya bayan ɗaya. A shekarar 1954 ya kafa gidan tarihi na Pendon kusa da birnin Oxford, inda har yau ake zuwa a ga yadda karkarar wannan yanki take a shekarun 1920 da 1930. Mu ma nan abin da ke faruwa ke nan: soro mai zanko da ɗakin ciyawa da rumbun ƙasa suna ta ba bulo da kwano wuri, kuma jikokinmu sai dai a ba su labari in ba a sami mai adana siffarsu ba.

Saboda haka Malam, shawararmu game da yaron nan ita ce kada a karya masa gwiwa. Mai ƙera motar kara ya riga ya sami hannu, abin da ya rage masa ma'auni ne. A saya masa rula da igiyar awo ta tela. Jirgi mai lantarki yana da tsada, kuma ba lalle sai da shi ba. Ya fara da katako mai faɗin faifai biyu, ya zaɓi wuri ɗaya da ya sani, ko tashar jirgi ko bakin kasuwa ko gidan kakansa, ya je ya auna ƙofa da katanga da rijiya, ya raba kowanne da lamba ɗaya. In 87 ta yi masa wuya ya ɗauki 50 ko 100, muddin dai bai sauya ba har ya gama. Yumɓu da kara da tsintsiya da jar ƙasa duk suna tsakar gida. Ya dai ɗora aikin a bisa, nesa da gara da ɗanshi, ya riƙa rufe shi da zane saboda ƙurar hunturu. Rabawar da zai yi ta yi kuwa za ta taimake shi a darasin lissafi a makaranta.

Da fatan gardamar rumfa ta ƙare. Sauran masu sauraro da suka aiko da wasiƙu, ku ƙara haƙuri, muna bin su ɗaya bayan ɗaya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Mu kwana lafiya.