Ƙaƙa za mu ɗauki keken hawan dutse a mota?

Ƴan'uwa masu karatu, keke ƙafar talaka ne. Da shi muke zuwa gona, da shi muke kai kaya kasuwa, da shi yara ke zuwa lakkol. Amma akwai ranar da keke shi ma yake shiga mota. Wani ya sayo shi a kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram, garinsu kuwa da nisa. Wani malami ne aka canza ma wurin aiki. A irin wannan rana keke da yawa ke lalacewa. Ya bar tasha lafiya lau, ya isa gida da ƙafa a lanƙwashe. Wani ma faɗowa yake yi bisa hanya, ya jawo haɗari ga motar da ke biye.

Yau za mu yi bayani bisa keken hawan dutse, da hanyoyi 3 na ɗaukar shi a mota, don kowa ya san wadda zai zaɓa.

Wane irin keke ne wannan?

Shi ne wanda mutanen birni ke ce ma VTT. An fara yin shi a ƙasar Amurka, a jihar Kaliforniya, cikin shekarun 1970. Samari ne suka riƙa gyara tsofaffin kekuna masu faɗin taya, suna gangarowa da su daga bisa duwatsu. A shekarar 1981 wani kamfani mai suna Specialized ya fara ƙera shi da yawa don sayarwa. Yanzu ya iso kasuwanninmu, mafi yawa na hannu.

Tayarsa mai kauri ce, mai haƙora. Yana da giya da yawa. Nauyinsa yakan kai kilo 12 zuwa 16. Yana jure ma hanya marar kyau idan mutum na bisansa. Amma idan aka kwantar da shi aka danne, yana da wurare 3 masu rauni.

Na farko, ɗan ƙarfen canza giya. Yana rataye a gefen dama na ƙafar baya. Ko kaɗan ya lanƙwashe, sarƙa za ta riƙa tsalle, ko ƙarfen ya shiga cikin wayoyin ƙafa.

Na biyu, wayoyin ƙafa da da'irar da ke riƙe da taya. Buhun hatsi ɗaya ya isa ya karkatar da su.

Na uku, faifan birki. Wasu kekunan suna da shi a gefen hagu na kowace ƙafa. Siriri ne, ba ya son matsi.

Hanya ta 1: cikin mota

Idan akwai wuri, wannan ta fi duka. Ba iska, ba ƙura, ba ruwan sama, kuma idon mai shi na bisa kayansa. Amma sai an cire ƙafar gaba. Kekuna da yawa suna da wani ɗan hannu a tsakiyar ƙafa. Idan aka buɗe shi, ƙafa ta fita ba da sifana ba. Idan birkin na roba ne, a saki wayarsa tukuna don taya ta samu wurin fita.

A shimfiɗa tabarma ko buhu. A kwantar da keke bisa gefen hagu, gefen sarƙa yana kallon sama. A sa tsumma ƙarƙashi don faifan birki kada ya taɓa ƙasa. A ɗaure keken ga jikin mota, don idan direba ya taka birki da ƙarfi, kayan da ba a ɗaure ba kan mutane yake zuwa.

Ga wani gargaɗi. Wasu birkin faifai da mai suke aiki. Idan ƙafa na waje, kada a matsa hannun birkin. Idan aka matsa, bakin birkin zai rufe, faifai ya ƙi komawa. A cusa ɗan kwali a wurin har a isa.

Mota mai buɗaɗɗen baya, irin Hilux, ita ma tana da sauƙi. A tsai da keke a jikin gefe, a sa bargo tsakaninsa da ƙarfe, a ɗaure shi gaba da baya.

Aibin wannan hanya ɗaya ne: keke na cin wurin mutane da kaya. A motar haya da wuya direba ya yarda.

Hanya ta 2: bisa mota

Ita muka fi sani a tashoshinmu. Motocin haya suna da ƙarfen kaya a bisa, wanda direbobi ke ce ma galari. Nan ne ɓarna ta fi yawa, don karen mota sauri yake yi, kuma keken ba nasa ba ne.

Doka ta farko: keke shi ne ƙarshen hawa. Buhuna da akwatuna su fara, keke ya zo bisa. Kada a aza masa komi, ko da ƙunshin tabarma ne. Gefen sarƙa ya kalli sama. Feda ta ƙasa tana huda buhu, tana kuma karce rufin mota. A naɗe ta da tsumma, ko a cire ta da sifana mai lamba 15. A lura, zaren fedar hagu juye yake: wajen da ake ɗaure sauran kusoshi, nan ake bi a kwance ta.

A ɗaure jikin keken, wato manyan bututun ƙarfe, a wuri 2 ko 3. Kada igiya ta bi ta cikin wayoyin ƙafa ko bisa wayar birki. Robar tsohon shambur tana hana keke motsi, amma rana na cin ta, tana tsinkewa ba shiri. Saboda haka a haɗa ta da igiya mai ƙarfi.

A ƙasashen Turai ana ƙera wani ƙarfe da ke riƙe keke a tsaye bisa mota. Wani kamfanin ƙasar Suwidin mai suna Thule ya yi suna wajen ƙera shi. Yana riƙe keke da kyau, amma tsawon mota na ƙaruwa da fiye da mita 1. Direba ya manta, sai reshen itace, ko wayar lantarki, ko ƙofar gida ta kwashe keken.

Kowace mota tana da iyakar nauyin da rufinta zai ɗauka. An rubuta shi cikin littafin motar. Ƙananan motoci da yawa ba su wuce kilo 75 ba, wasu ma ba su kai ba, kuma har da nauyin galarin ake lissafi. Kaya bisa mota yana ƙara shan mai. Iska kuma ba ta wasa: idan gudun mota ya ninka sau 2, ƙarfin iskar da ke tura keken yana ninkawa sau 4. Igiyar da ta riƙe cikin gari tana iya saki bisa babbar hanya.

Hanya ta 3: bayan mota

Akwai ƙarfen da ake maƙalawa ga murfin baya da maɗaurai. Akwai wanda ake kafawa bisa ƙugiyar jan tirela, shi ya fi ƙarfi. Akwai kuma mai kama tayar safiya ta bayan manyan motoci. Amfanin wannan hanya shi ne ba sai an ɗaga keke sama ba, mutum ɗaya ya isa. Iska ma ba ta bugun shi kamar a bisa.

Amma a kula da abu 4. Keke kada ya rufe lambar mota ko fitilun baya, don jandarmomi za su tsai da ku, kuma na baya ba zai ga kun taka birki ba. Taya kada ta kusanci bututun hayaƙi, don zafinsa na narka roba. Ƙafafun keke kada su yi ƙasa ƙwarai, don idan mota ta faɗa rami ko ta ƙetare kwazari za su bugi ƙasa. Sannan a ɗaure ƙafar gaba ga jikin keken don ta daina lilo.

Bayan mota shi ne gidan ƙura. A hanyar burji, jar ƙasa na manne ma sarƙa. Idan an isa, a goge ta, a sa mata mai kaɗan.

To, wace za mu zaɓa?

Mu tambayi kanmu abu 3.

Wace mota ce? Idan ta gida ce ko ta aiki, kuma akwai wuri, a sa keke ciki. Idan ta haya ce, bisa zai hau, sai mu tsaya a aza shi gabanmu.

Wace hanya ce? Daga Maraɗi zuwa Damagaram kwalta ce, fiye da kilomita 200. Nan gudu da iska ne abin tsoro, sai a ƙara igiya. A hanyar karkara kuwa girgiza ce ke kwance ɗauri. Ƙarfen da ke rataye da maɗaurai kaɗai ba ya son irin wannan hanya.

Keke nawa ne? Idan 2 ne ko 3, a juya su, kan wannan wajen bayan wancan, a sa kwali ko bargo tsakani.

Kafin tashi da bayan isa

A cire famfo, da fitila, da gorar ruwa, a riƙe su a hannu. A riƙe takardar sayen keke. Mafi yawan kekuna suna da lamba da aka buga a ƙarƙashi, tsakanin feda 2. A rubuta ta a takarda, ga amfanin karatu ya zo.

Bayan an ɗaure, a kama keken a girgiza shi da ƙarfi. Idan ya motsa shi kaɗai, ɗaurin bai yi ba. Idan mota ta tsaya salla ko shan mai, a sauka a duba, don igiya na saki cikin tafiya. Kada a ji kunyar yi ma direba magana: «Malam direba, don Allah a ƙara ɗaure keken nan.» Direban kirki ba zai ƙi ba, don shi ma ba ya son kaya ya faɗo.

Idan an isa, kada a hau nan da nan. A mai da ƙafar gaba, a rufe ɗan hannunta sosai. A juya ƙafafu a ga ko suna tafiya daidai. A gwada birki gaba da baya, sannan a ba yaro.

Ƴan'uwa, kuɗin keke gumin damina ne. Rigakafi ya fi magani. Ku karanta ma waɗanda ba su iya ba tukuna, ku kuma tattauna a ajinku: wace hanya aka fi bi a garinku, kuma mi ya kamata a gyara? Allah ya kiyaye hanya.