Kiwon zomo cikin zafin Jibia

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan wuce digiri 40 a yankin Jibia na jihar Katsina, zomon da aka ajiye a keji ƙarƙashin rufin kwano kan iya mutuwa tsakanin azahar da la'asar, ko da akwai abinci a gabansa.

Wannan dai na daga cikin abubuwan da kan sanyaya gwiwar masu kiwon zomo a Kusa da Magama da sauran garuruwan da ke bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, inda galibi yara da mata ne ke ajiye shi, wasu don sha'awa, wasu kuma don nama da ɗan kuɗin kashewa.

Jibia na cikin ƙananan hukumomin da suka fi fama da satar shanu da hare-haren 'yan bindiga. A ƙarshen watan Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana sayar da dabbobi na wani lokaci a kasuwar garin da wasu kasuwannin jihar. Ita ma iyakar ta kasance a rufe daga Agustan 2019 zuwa Afrilun 2022, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin da sojoji suka yi a Nijar a 2023, har zuwa Maris ɗin 2024.

A irin wannan hali, dabbar da ba sai an kai ta daji kiwo ba tana da daraja ta daban. Zomanya kan ɗauki ciki na kimanin kwana 31, ta haifi 'ya'ya biyar zuwa takwas, kuma tana iya yin haka sau huɗu ko biyar a shekara. Mazhabobin nan huɗu sun halatta cin namansa, bisa hadisin Anas ɗan Malik da ke cikin Buhari da Muslim.

Sai dai kamar yadda Hausawa kan ce, banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ba na daji ba ne

Kuskuren farko shi ne ɗaukar zomon gida a matsayin ɗan uwan wanda mafarauta ke kora da karnuka. Suna ɗaya Hausa ta ba su, amma jinsinsu daban ne, ba sa ma barbarar juna.

Zomon daji kan haihu a fili, 'ya'yansa su fito da gashi, idanunsu a buɗe. Shi kuwa na gida asalinsa daga ƙasashen Sifaniya da Fotugal ne, inda kakanninsa ke wuni a cikin ramuka masu sanyi, su fito cin abinci da magariba da asuba. 'Ya'yansa kan zo tsirara, kuma idanunsu ba sa buɗewa sai bayan kimanin kwana 10.

Zomo ba ya gumi kamar mutum. Ta kunnuwansa da numfashinsa yake rage zafin jikinsa. Masana kiwon dabbobi sun ce ya fi sakewa tsakanin digiri 15 zuwa 21. Idan zafi ya kai 30 sai ya rage cin abinci, idan kuma ya wuce 35 rayuwarsa na cikin haɗari. Namijin da ya sha zafin bazara kan yi makonni yana barbara ba tare da matan sun ɗauki ciki ba, abin da kan sa mai kiwo ya ɗora wa macen laifi ya sayar da ita.

Keji ko ɗakin ƙasa

Hanyoyi biyu aka fi bi a ƙasar Hausa. Wasu kan saki zomaye a ɗakin ƙasa ko akurki, su bar su su haƙa ramukansu. Wasu kuma kan sa kafinta ya buga musu keji na katako da waya.

Ɗakin ƙasa ya fi sanyi, ya kuma fi dacewa da halittar dabbar. Matsalarsa ita ce a ƙasa mai rairayi irin ta Jibia rami kan rufta, ko ya ɓulle ta ƙarƙashin katanga zuwa gidan maƙwabci. Da damina ruwa kan cika shi da 'ya'yan a ciki, kuma mutanen garin da ambaliyar watan Yulin 2018 ta ci rayuka da gidaje sun san aikin ruwa. Haka kuma mai kiwo ba ya sanin wace ce ta haihu ko wane namiji ne ya hau ta, sai dangi su yi ta barbarar juna har irin ya ƙanƙance.

Keji na maganin waɗannan duka, in har an ajiye shi a inda ya kamata. Kowace uwa na buƙatar nata ɗaki mai tsawon kimanin santimita 90 da faɗin 60, da tsayin da za ta iya miƙewa a kan ƙafafun baya. A ɗaga shi kamar mita guda daga ƙasa, a sa wayar da kashi zai iya zubewa ta cikinta, amma a shimfiɗa ɗan katako a gefe ɗaya domin waya zalla kan yi wa tafin ƙafa gyambo.

Inuwar bedi, wato darbejiya, ta fi kowane rufi. Idan dole sai kwano, to a ɗora masa zana ko karan dawa. A ranakun da zafi ya yi tsanani, jiƙaƙƙen buhun algarara da aka rataya ta inda iska ke shigowa, ko tulun ruwa da zomon zai jingina da shi, kan iya zama bambanci tsakanin rayuwa da mutuwa.

Da hunturu lamarin kan juye. Babban zomo ba ya damuwa da sanyi, amma jarirai kan sandare cikin dare ɗaya. Don haka ake sa wa uwa akwati da busasshiyar ciyawa a kwana na 28 da barbara, ita kuma ta tsige gashin cikinta ta shimfiɗa. Sau ɗaya take shayarwa a yini, na 'yan mintoci, saboda haka rashin ganin ta a kan 'ya'yan ba alama ce ta ƙi su ba.

Ɓeraye da gafiya da mage da maciji duk suna cin jarirai. Kwarkwasa ma haka, shi ya sa wasu kan tsoma ƙafafun kejin cikin gwangwanaye masu baƙin mai.

Abin da cikinsa ke so

A Ingila, inda ake ajiye zomo a matsayin abokin zama kamar kyanwa har ya kai shekara takwas ko fiye, ƙungiyoyin kare dabbobi sun daɗe suna jan hankalin jama'a cewa busasshiyar ciyawa ce ya kamata ta zama mafi yawan abincinsa, karas kuwa ɗan ƙwalama ne kawai.

Dalilin haka yana cikin halittarsa. Haƙoran zomo ba sa daina tsiro, na gaba kan ƙaru da kimanin milimita biyu a mako, kuma tauna abu mai ƙarfi ne ke rage su. Hanjinsa ma sai da harza yake aiki. Zomon da aka ɗora wa dusa da ragowar tuwo kaɗai cikinsa kan tsaya ko ya ɓarke da zawo, ga shi kuma ba ya iya amai.

A nan manoman Jibia sun yi sa'a. Harawar gyaɗa da ta wake, waɗanda ake ɗaurewa a kan rumfa don tumaki, suna cikin mafi ingancin abincin zomo, domin sun haɗa harza da sinadarin gina jiki. Ana ƙara musu ƙowar wake, da ganyen dankalin Hausa, da zogale, da ciyayi irin su harƙiya da kyasuwa. Dusar gero ko ta masara kuwa ɗan ƙari ce, tafin hannu guda a yini, a ninka wa mai ciki da mai shayarwa.

Lambunan da ke shan ruwan madatsar Jibia, wadda aka gina a kan kogin Gada, na samar da ganye ko da rani. Amma ganyen kabeji ko latas da aka yi wa feshin maganin ƙwari kan iya ƙarar da keji guda. Ɗanyen ganye a bar shi ya ɗan sha iska kafin a ba su, kuma a riƙa shigo da sabon abinci kaɗan-kaɗan. Tumfafiya da zurma da zaƙami guba ne, haka ganyen tumatir da na dankalin Turawa. Harawa ko dusar da ta yi hunhuna a zubar da ita, domin zomo na cikin dabbobin da gubar hunhunar gyaɗa ta fi saurin illatawa.

Da yamma ya fi kyau a zuba mafi yawan abincin, tunda da dare yake ci. Akwai kuma wani kashi mai laushi da zomo ke fitarwa ya sake haɗiyewa, wanda ke ba shi bitamin. Mai kiwon da ya ga haka kada ya ɗauka cuta ce.

Har yanzu ana samun masu cewa zomo ba ya shan ruwa. Maganar ba ta da tushe. Uwa mai shayarwa kan sha lita guda ko fiye a ranar zafi, kuma rashin ruwa na cikin abubuwan da kan sa ta cinye 'ya'yanta. Malamai kan kafa hujja da hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, wajen nuna cewa duk wanda ya kulle dabba ya ɗauki nauyin cinta da shanta.

Cuta da magani

Zawon da ke kashe ƙananan zomaye bayan yaye yana yaɗuwa ne ta kashi, don haka share keji da ɗaga kwanon abinci daga ƙasa sun fi allura amfani. Ƙazuwar kunne da ta hanci kuma tana warkewa idan aka kai wa malamin dabbobi da wuri.

Likitocin dabbobi na gargaɗi game da ɗura wa zomo magungunan mutane ko na kaji. Amoxicillin da danginsa, idan aka ba shi ta baki, kan kashe ƙwayoyin da ke narka masa abinci a hanji, shi ma ya bi su.

A shekarar 2020 aka tabbatar da ɓullar wata annoba mai sa zubar jini a cikin zomaye a Nijeriya, inda ta yi ɓarna a jihar Kwara da wasu jihohin kudu maso yamma. An fara gano cutar ne a China a 1984, ba ta da magani sai rigakafi, kuma ƙwayarta kan maƙale a keji da buhu da tufafi. A yankin da dabbobi ke kai da komo tsakanin Katsina da Maraɗi, shawarar masana ita ce duk zomon da aka sayo a kasuwa a ware shi nesa da sauran na aƙalla mako biyu kafin a haɗa su.